Ranar da Na Sa Motar Malam Buba Ta Yi Ƙarya

Bari in fara da faɗin laifina tun kafin wani ya riga ni, don a tashar Kazaure babu wanda bai san shi ba, har mai sayar da rake. Ni Sabi'u, yaron Baba Modu mai wayarin ɗin mota, na taɓa ɗaura wa mota siginar dama a hagu, ta hagu kuma a dama. Shekarata goma sha shida a lokacin, na yi uku daga ciki ina koyon aikin, ina kuma ganin duk ƙasar Kano babu mai hannu irin nawa. An fi shekara da yin abin, amma har yau in na bi ta gaban direbobi sai wani ya ɗaga hannu ɗaya ya tambaye ni wanne ne wannan.

Tsohon hedimastanmu ne ya ce in rubuta wa 'yan aji bakwai wani abu a kan sana'ata. Wai ya ji waɗansunku suna cewa in ba su sami sakandare ba za su faɗa wayarin, tunda ba wani abu ba ne illa a haɗa ja da ja, baƙi da baƙi. Ni ma da wannan ilimin na je. Ranar da babana ya kai ni garejin da ke bayan tasha, ƙarƙashin darbejiya, na ɗauka kafin sallar la'asar zan tayar da mota biyu ko uku. Abin da aka miƙo mini shi ne tsumma da gwangwanin ruwan zafi, aka nuna mini kan batir aka ce in wanke.

Shekara guda na yi ina hulɗa da batir. In wanke kansa, in kankare farin gishirin da ke taruwa a kai, in ƙara masa ruwa, in ɗora shi a ka in kai wurin injin caji, in dawo da wani. Batirin gingimari kuwa, wato babbar motar kaya, ya fi ƙanena nauyi, ga shi ba ya riƙe kansa. Innata ta rantse na rage tsawo a shekarar. Ruwan batir ya cinye mini wando huɗu, na ƙarshen har ta nemi in ba ta ta riƙa tankaɗe gari da shi.

Baba Modu Babarbare ne, kakansa ya zo daga gabas ya zauna a nan. A Kano ya koyi aiki zamanin da motocin gyaɗa ke cika hanya, ya dawo gida shekarar samun 'yancin kai da akwatin ƙarfe guda. Abin da ke cikin akwatin bai taka kara ya karya ba: filaya biyu, sukuddireba uku, wuƙa, baƙin salatif, sai fitilar gwaji da ya haɗa da kansa da ƙusa da kwan fitila da guntuwar waya. Da wannan fitilar yake bin wuta tun daga batir har inda ta ɓace, kamar mai bin sawun akuya. Ba shi da yawan magana. In ya yi maka kalma goma a yini, ka duba ko an ga wata. Wadda ya fi maimaitawa ita ce, waya ba ta ƙarya, mai ɗaura ta ne ke yi.

Akwai wata ƙaramar mota ta wani malamin gona da ta zo mana sau uku a sati guda, kullum fis ya ƙone. Mai ita ya gaji da sayen fis, ya naɗa takardar azurfar kwalin sigari ya cusa a wurin, ya taho yana murna ya gano abin da masu wayarin suke ɓoyewa. Kafin ya kashe inji hayaƙi ya fara fita ta ƙarƙashin sitiyari. Yini guda Baba ya yi yana bin wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi ɓera ne ya yi gida a bayan kujera saboda irin gyaɗar da ake zubarwa, ya gaigaye waya ta riƙa taɓa ƙarfe. Gyaran bai kai minti biyar ba. Neman wurin gyaran shi ne sana'ar, shi ne kuma abin da mai mota ba ya gani, sai ya ce ai ɗan salatif kawai ka naɗa.

Ina shekarata ta biyu a gareji aka canja hannu, motoci suka bar gefen hagu suka koma dama. Mun sha aiki a lokacin, don kowace fitilar gaba sai an gyara mata kallo, in ba haka ba ta haske idon mai tahowa. Sai damina ta zo ta wuce kamar baƙon da bai zauna ba, ta bayanta ma ta fi ta rowa. Gero ya bushe a tsaye. Babu amfanin gona, babu kayan ɗauka, motoci suka kwanta. Mukan wuni a gareji ba mu taɓa waya ba, ni in kori ƙuda, Baba ya ja carbi. Ko wayar kirki ba mu da ita. Wata matacciyar gingimari muka feɗe muka zare nata, ga su duk baƙaƙe, babu ja babu kore. To ku masu haɗa ja da ja, sai ku faɗa mini yadda za ku yi.

A wannan shekarar Malam Buba ya sayi mota. Bafulatani ne daga wata ruga ta wajen Gwiwa, dogo, mai sanyin murya. Farin nan ya kashe masa shanu yana kallo, waɗanda suka rage ya kora su kasuwa tun suna iya tafiya da ƙafarsu, ya bar bijimi ɗaya da 'yan maruƙa. Da kuɗin ya sayi tsohuwar a-kori-kura mai bodin katako. Ya iya tuƙi tun lokacin da yake raka malaman dabbobi yawon allurar shanu, ya kuma yi lasin. Motar nan ita ce garkensa gaba ɗaya. Nagge yake ce mata, wato saniya da Fulatanci. Da safe yakan zagaya ta yana shafa ta yana duba ƙafafunta, na tabbata da tana cin dusa da ya ba ta.

Shi da Baba abokan wasa ne, kamar kowane Bafulatani da Babarbare. In ya shigo gareji Baba kan tambaye shi ko saniyar ce ta ƙi tatsuwa. Shi kuma ya nuna zanen da ke fuskar Baba ya ce wanda aka yi wa wayarin a kumatu tun yana jariri ai dole ya iya na mota. Wannan ne kawai lokacin da nake ganin haƙoran Baba.

Wata Talata da hantsi ya shigo ba tare da wasan ba. Ya ɗauko wa wani mutum sa zuwa kasuwa, wajen saukewa san ya fusata ya kai wa fitilar sigina ta baya ƙaho ya tarwatsa ta, sannan ya juya ya ba ɗayar nata rabon don kada ta ce an yi son kai. Ba gilashin kaɗai ba, har mazaunin kwan da wayoyin ya fizge. Siginar gaba tana nan, sai dai tana ƙiftawa da sauri kamar idon wanda aka kama da kaza a riga, haka take yi in ta baya ta mutu. Ga shi ranar Alhamis mai gwajin motoci zai zo daga Kano, sau ɗaya yake zuwa a wata, takardar lafiyar Nagge kuma ta ƙare. In bai sa hannu ba, mota ta kwanta wata guda, kuma a shekara irin wannan gidan Malam Buba ba shi da abin da zai ci wata guda. An tambayi mai kayan gyara, ya ce irin fitilar sai an aika Kano, Kano ma sun ce kaya suna kan ruwa.

Wani zai ce ya fid da hannu ta taga mana, kamar yadda ake yi da. To motar ta kafin canjin hannu ce, sitiyarinta a dama yake. In ya fid da hannu, bishiyoyi da jakuna kaɗai za su gani.

Baba ya zagaya bayan motar yana dafe da ƙugu, don a satin ya ɗaga batirin gingimari bayansa ya riƙe. Ya daɗe yana kallon wasu fitilu biyu farare, zagayayyu, da ke can ƙasan bodi a bayan wani ƙarfe, inda ƙahon sa bai kai ba. Fitilun ribas ne, masu kamawa in mota za ta ja da baya. Ya ce za a mayar da su sigina. Ya kuma gaya wa Malam Buba gaskiya tun a tsaye, cewa daga ranar ba shi da fitilar ribas, in zai ja da baya cikin duhu sai ya sa wani ya sauka ya duba masa. Malam Buba ya ce shanunsa ma ba su da ita, kuma bai taɓa ganin sun taka kowa da baya ba. Baba ya ce ai ga shaida nan a bodin motarsa.

Daga nan ya juyo ya miƙo mini filayarsa da fitilar gwaji. Shekara uku ban taɓa riƙe fitilar nan ba sai in zan mayar da ita akwati. Ya ce shi ba zai iya kwanciya a ƙarƙashin mota ba, aikin nawa ne. Na karɓa da hannu biyu, kaina ya kumbura har na ji tsoron ba zai shiga ƙarƙashin motar ba.

Ga yadda aikin yake, ga mai son sani. Fitilun ribas tagwaye ne masu cibiya ɗaya. Waya guda ce ke tasowa daga wani ɗan makunni a jikin giya, ta zo baya ta rabu biyu, shi ya sa suke kamawa tare. Sigina kuwa kowace da harkarta. Don haka sai ka fara yanke wayar giyar ka naɗe bakinta da salatif, in ka manta da ita duk ranar da aka sa ribas sai fitilun mota su rikice gaba da baya. Sannan ka raba tagwayen. Sannan ka jawo sababbin wayoyi biyu tun daga ƙarƙashin sitiyari, ɗaya daga layin siginar dama, ɗaya daga na hagu, ka bi da su ta jikin ƙarfen mota nesa da salansa don kada zafi ya narka su, kana ɗaurewa duk bayan taki guda. Ka kankare tsatsa a inda fitila ke kama ƙarfe, don ta nan wuta ke komawa gida. Ka duba kwan, in ya yi ƙanƙanta filasha, wato ɗan gwangwanin da ke sa fitila ƙiftawa, ba zai yi daidai ba.

Saura launi. Farar fitila ba sigina ba ce, dole ta zama ruwan lemo. Baba ya aike ni wurin dukawa na karɓo gangamau da ɗan karan dafi, irin waɗanda suke rina fata da su, muka dama da ƙaro, na shafa a cikin gilashin ta ciki inda ruwa ba zai wanke ba. Sau uku ina shafawa ina shanyawa. Da ya bushe ka rantse daga kanti aka sayo shi.

Tunda wayoyinmu duk baƙaƙe ne, dokar Baba ita ce a yi wa ta dama ƙulli a kowane baki. Na yi ƙullina tsaf, gaba da baya. Na jawo su har baya. Sai na zagayo na kwanta rigingine na shiga ta bayan motar da kai, ƙafafuna a waje. Na ɗauki mai ƙulli na ce dama, na ɗaura ta a fitilar da ke hannuna na dama. Ku kwanta a tsakar gida ku gwada. Wanda ya shiga ta bayan mota da kai yana kallon sama, damarsa ita ce hagun mota. Hannun da nake cin tuwo da shi tun ina yaye, ranar shi ya ci amanata.

Ko a nan ma da an kama kuskuren, don garejinmu yana da yadda ake gwada sigina. Na cikin mota ya kunna ya yi shiru, na baya ya faɗi gefen da ya gani, sannan na ciki ya ce haka ne ko ba haka ba. Amma Baba ya tafi wurin wanzami a yi masa ƙaho a baya, kafin ya fita ya ce in gwada yadda muke gwadawa. Ni kuwa na tsaya a baya na ce wa Malam Buba, "Baffa, kunna ɗaya." Fitila ta ƙifta, ruwan lemo, a natse, kamar ta Bature. Na ce, "Kunna ɗayar." Ita ma ta ƙifta. Na yi tsalle na ce aiki ya yi. Ba wanda ya ambaci hagu ko dama. Da Baba ya dawo ya tambaya ko an gwada, na ce an gwada, Malam Buba ma ya ce an gwada.

Washegari Laraba zai kai buhunan dusa Gwiwa. Na ce wa Baba ya kamata in bi shi in ga ko wayoyin za su jure girgiza. Gaskiyar magana yawo nake so. Na haye kan buhuna a baya, na zauna ina kallon inda muka fito, duwatsun Kazaure suna ja da baya, ni kuma ina ɗaga wa masu keke hannu kamar wani ɗan majalisa.

Akwai abin da ba a rubuta a littafin tuƙi ba amma kowane direba ya sani. Sigina ba ta kwana kaɗai ba ce, magana ce tsakanin na gaba da na baya. In babbar mota ta biyo ka tana son wucewa, ba ta ganin gabanka, kai ne idonta. Ka kunna ta gefen daji, wato dama, ka ce mata hanya lafiya, wuce. Ka kunna ta gefen tsakiyar titi, wato hagu, ka ce mata dakata, akwai mai tahowa. Direba yakan ɗora ransa da na yaransa a kan wannan 'yar fitilar, ya fita ba tare da ya ga komai ba.

Ba mu bar kwalta ba wata gingimari cike da siminti ta taso mana, ta matso har ina iya ƙirga ƙwarin da suka mutu a hancinta. Muna hawa wani ɗan tudu. Na leƙa ƙasa na ga fitilata tana ƙiftawa ta gefen daji, na ji daɗi, har na nuna wa direban ita da yatsa don ya san aikin wane ne. Ya ɗaga mini hannu, ya karya kan mota ya fita.

Sai na ji hon daga gaba, dogo, ba ya yankewa. Wata bas ce cike da mutane ta ɓullo daga bayan tudun. Gingimari ta taka birki ta yi kuka kamar an yanka raƙumi goma, ta dawo bayanmu da kyar, bas ta sauka gefen hanya ta bi ta cikin sabara ta sake hawa. Tsakaninsu bai fi a zura tabarma ba. Butar karen motar gingimarin ta tashi sama, ina jin har yau ba ta sauko ba. Ba wanda ya ji ciwo. Bas ta tsaya can gaba, direbanta ya leƙo ya yi mana daƙuwa da hannu biyu ya wuce.

Direban gingimari kuwa ya sauko. Ƙato ne, sananne a tasharmu, kowane sati sai ya bi ta nan. Bai yi ihu sosai ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya tambayi Malam Buba me ya yi masa da zai kira shi ya shiga bakin bas. Malam Buba ya ce shi hagu ya sa, ya ga bas ɗin tun daga nesa, dakata ya ce masa. Direban ya ce dama ya gani da idonsa, karen motarsa ma ya gani. Ya ce wanda bai rabe hagu da dama ba ya koma bin shanu, yau zai gaya wa sarkin tasha kada a sake ba shi lodi, gobe kuma zai tsaya da kansa gaban mai gwajin motoci ya faɗi abin da ya faru.

Ni tuni na sulale na shige ƙarƙashin mota, wai ina duba ko wani abu ya tsinke. Wannan karon ta gefe na shiga, ƙafafuna suka fuskanci gaba. Ina ɗaga ido na ga ƙullina yana lilo a fitilar gefen titi. Filayar Baba tana aljihuna. Warware salatif biyu, musanya waya biyu, ban fi minti biyu ba na gama, kowa kuma yana can yana magana. Da an zo dubawa sai a tarar fitila lafiya lau, a ce Bafulatani ne ya ruɗe.

Daga inda nake ƙafafu kawai nake gani, manyan takalman direban da takalmin robar Malam Buba. Can na ji Malam Buba ya ce, a hankali, ba da kowa yake ba, "To, ko dai ni ne? Da can, kafin canjin hannu, dama ce ta dakatawa."

Na fito ban taɓa komai ba. Na ce wa direban ya zo ya tsaya a baya, na roƙi Baffa ya shiga ya kunna hagu. Fitilar dama ta ƙifta, kyakkyawa, ruwan lemo. Na ce ni na ɗaura ta jiya.

Direban ya dubi fitila, ya dube ni. Ya kama kunnena na dama ya ɗaga har na tsaya a kan yatsun ƙafa, ya ce, "Wannan sunansa dama. In ka manta, ka taɓa wanda ke zafi." Har yanzu ya fi ɗan'uwansa tsawo, kowa na iya zuwa ya auna. Sannan ya juya wurin Malam Buba ya ce, "Malam, ka yafe ni, na gaya maka baƙar magana." Ya ciro goro ya ɓare ya ba shi rabi. Malam Buba ya ce ba komai, yaro ne, kuma aikin Barebari dama sai an bi shi da addu'a. A gabansu na musanya wayoyin, muka gwada yadda ake gwadawa, ni ina faɗa daga baya, Baffa yana amsawa daga ciki, direban gingimari yana tsaye a kaina kamar alƙali. Sau shida ya sa muka maimaita.

A hanyar dawowa Malam Buba ya ce ba sai Baba ya ji ba. Amma gingimari ta sauke simintinta ta riga mu komawa tasha, labari kuma ya riga gingimari. Mun tarar da Baba a kan benci. Ya miƙo hannu, na sa masa filaya da fitilar gwaji. Ya tambaye ni ta ina na shiga ƙarƙashin motar, na faɗa. Ya ce ƙulli ya koya mini, bai koya mini kwanciya ba, wannan laifin nasa ne. Amma cewa an gwada alhali ba a gwada ba, wannan nawa ne ni kaɗai. Ya tashi da bayan nan nasa mai ciwo, ya shimfiɗa buhu, ya shiga ƙarƙashin Nagge ya bi aikina daga sitiyari har baya, ɗauri bayan ɗauri. Da ya fito ya ce wa Malam Buba sauran aikin ba laifi. Ni kuma ya nuna mini tsumma da gwangwanin ruwan zafi.

Ranar Alhamis mai gwajin motoci ya zo da fararen kayansa da 'yar sandarsa. Ya duba birki, ya duba taya, ya sa aka danna hon. Da ya zo baya ya nemi sigina a inda ya saba ganinta bai gani ba, sai da ya sunkuya. Ya ƙwanƙwasa gilashin da sanda, ya tambayi wace ƙasa ke yin irin wannan, Baba ya ce ta dukawa. Ya ce a sa hagu, hagu ta kama. Ya ce a sa dama, dama ta kama. Ya ja da baya taki ashirin cikin rana ya sake dubawa, ya ce ana gani. Fitilar ribas kuma ya ce ba ta cikin abin da takardarsa ta tambaya. Ya sa hannu. Direban gingimari yana tasha a ranar, yana shan shayi, ko kusa da mai gwajin bai zo ba.

Wata biyu na yi ina wanke kan batir kafin Baba ya sake ba ni filaya, fitilar gwaji kuwa sai bayan damina. Fitilun gaske sun iso daga Kano daga baya, Malam Buba ya ce ba ya so, waɗannan sun saba da shi. Nagge tana nan tana zirga-zirga tsakanin Kazaure da Gwiwa da Roni da siginar gangamau, sau ɗaya na sake shafa mata launi. Ya sayi karsana biyu bana. Har yanzu ba shi da fitilar ribas, kuma a watan jiya da asuba ya ja da baya ya fasa randar da muke shan ruwa a gareji.